Janar da Bakin Ubangidansa

A duk ƙasar Flanders babu wanda sama ta sani kamar Firmin Claeys. Shi ya faɗa, kuma wa zai musa? Tsohon mai sayar da tayil ne, ya yi ritaya ya koma kiwon tattabarun tsere a bayan gidansa. A mashayar ƙauye Gwamnan Sama ake ce masa. Da zolaya aka raɗa sunan, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka ɗinka masa shi a gaban hula. Ɗakin tattabarunsa yana da na'urar ɗumama, alhali matarsa Godelieve da rigar sanyi biyu take shiga kicin. Babban zakaransa, wani shuɗin tattabara mai suna Janar, ya taɓa tasowa daga Barcelona ya riga dubbai isowa gida. Tun ranar Firmin yake tafiya kamar shi ya yi tseren.

Sai ga ofishin haraji sun aiko za su zo bincike. Zancen guda ne: kiwon nan sha'awa ce ko sana'a? In sha'awa ce, a sha kofi a rabu lafiya. In sana'a ce, akwai harajin shekarun baya, ga kuma tarar da za a ci shi, abin da zai iya haɗiye gidan har da ɗakin Janar.

Firmin ya ɗauki lauya mafi tsada a Kortrijk, domin babban mutum ba ya shiga ƙaramar inuwa. Lauya Dewulf mace ce mai ƙarancin magana, da ma kowace kalmarta da farashi take fita. Ta tattara takardu, ta zaunar da shi tana koya masa darasi kamar ɗan firamare.

"Yallaɓai Claeys, abin da aka tambaye ka kaɗai za ka amsa. E, ko a'a, ko ban tuna ba. Sauran ka bar mini."

"Madam, ni da na yi jawabi gaban magajin gari? Bakina a hannuna yake."

"To ka bar shi a hannun. Kuma ka cire hular nan."

Sau uku suna gwaji. Aka kwashe kofunan nasara aka kai gidan surukinsa. Aka ba shi tsohuwar rigar ulu mai huda a gwiwar hannu. Ya dubi madubi ya ce ko talauci ma kyau yake masa.

Ranar bincike aka turo wata matashiya, Madam Goossens, a kan keke, ruwan sama ya jiƙa ta sharkaf. Firmin ya yi abin a yaba. E. A'a. Ban tuna ba. Godelieve ta kawo kofi da biskit tana mamakin ashe mijinta ya iya shiru. Har jami'ar ta fara zuge jakarta, Lauya Dewulf ta saki numfashi. Sai baƙuwar ta ce bari ta leƙa tsuntsayen kafin ta wuce.

Ta dubi Janar, Janar ya dube ta.

"Ayya, ai irin na tashar jirgi ne," in ji ta. "Kakana ma ya yi kiwonsu, ranar Lahadi mukan ci biyu da wake. Ku yi haƙuri, da alama mun ɓata muku lokaci."

Shi ke nan fa, an ci nasara, saura a raka ta bakin ƙofa. Amma wuyan Firmin ya kumbura kamar na tattabara mai neman mace. Lauya ta taka masa ƙafa. Ko gezau.

"Na tasha? Yarinya, kin san gaban wa kike tsaye? Ɗan shilan Janar guda ɗaya, ko gashi bai gama ba, wani attajiri ya taso tun daga Shanghai ya ajiye mini kuɗin sabuwar mota a kan teburin nan! A hannu, ba banki ba! Bara guda nawa na sayar, Godelieve? Faɗa mata! Har layi ake bi, sai na ga dama!"

Madam Goossens ta koma ta zauna, ta sake buɗe jaka.

"Ko da sauran kofi, Madam Claeys? A hankali, yallaɓai, daga Shanghai ɗin za mu fara."

Lauya Dewulf ta dubi agogo, don ko jirgi ya nutse mai fito sai an biya shi.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Kafin bazara gida ya tafi, wani likitan haƙori ya saya. Tattabarun aka yi gwanjonsu, Gwamnan Sama ya koma haya a bene na uku, inda dokar gidan ta hana ajiye ko da aku. Har yau yana faɗa a mashaya cewa shi ne mutum na farko da ya sa jami'ar haraji ta rasa bakin magana. Gaskiya ne, rubutu take yi.

Janar kuwa, kun san halin tattabara. Duk sanda ya kuɓuce wa sabon mai shi, sai ya miƙe ɗoɗar ya sauka a kan tsohon rufin. A gidan kaf, shi kaɗai ne bai ce uffan ba ranar bincike, kuma shi kaɗai ke da ikon komawa.