Binciken da Na Ci da Tuwo

Ina binciken digiri kan furannin daji, sai na tsinci wani lalo a fadamar Gummi, furensa ya ninka na sauran. Nan take na yanke hukunci: ƙwayoyin gadonsa ne suka ninku, na gama digiri ke nan. Don kada a riga ni, na tuge shi kakaf, na shanya a faifan Inna ban gaya wa kowa ba.

Da yamma na ci tuwo har na nemi ƙari.

"Miyar lalon da ka kawo ce," in ji Inna. "Allah shi yi maka albarka."

Ban sake ganin irinsa ba, digirin ma ya tsaya. Har yau in aka yi miyar lalo, ƙannena sukan ce, "Yaya, a ƙara maka bincike?"