Injiniya Benson da Batirin da Aka Hana Numfashi

Duk ƙasar Kudan babu mai tattalin kaya kamar Benson. Shekara talatin ya yi yana riƙe da sito a wani ofis a Makarfi, har ya yi ritaya bai bari ko biro ya fita ba. Kujerun falonsa shekara goma sha ɗaya ke nan da ledar kanti a jikinsu, baƙo ya zauna sai ya zame. Shi ya naɗa kansa Injiniya. Mutanen gari suka cika masa da Kar-a-taɓa, amma a bayan idonsa.

Gwarzo irin wannan wa zai ja da shi? Shi ne shugaban manoman rani lokacin da wata ƙungiyar agaji ta kawo musu sola da wani ƙaton batiri na tutiya, don injin ban ruwa. Wanda ya haɗa shi ya yi bayani cewa aiki iri biyu ne a cikinsa. Ɓangare ɗaya na ba da ƙarfin tayar da inji, ɗayan kuwa iska yake shaƙa ta ƙofofin gefe, shi ke riƙe aiki har yamma. Ya ce kada a toshe ƙofofin.

"An gama," in ji Injiniya.

Motar baƙi na shan kwana ya naɗe batirin da leda ninki uku, ya bi da salatif, ya tara jama'a.

"Yaron nan takarda ya karanta, ni kuwa kaya na riƙe," ya ce yana shafa tumbi. "Iska ce ke lalata kaya. Ku duba gwangwanin madara, sai an huda yake tsami. Wannan batiri jikokinku za su gaje shi sabo fil."

Haka kuwa aka yi, sabo fil. Kullum da safe inji zai tashi da ruri, ya yi kwatan awa, ya mutu. Injiniya ya ce wannan shi ake kira horo.

Serah ce ta ga ta kanta, don gonarta ce a ƙarshen magudana. Ruwan ba ya iso ta, tumatirinta ya fara zubar da fure, shi ne kuma abincinta na shekara. Tsoro ya kama ta sosai. Ta je gaban Injiniya ta durƙusa.

"Baba, a ɗan sassauta masa ledar nan, ko da rana ne."

"'Yata, tumatir kowace shekara ana shukawa. Batiri sau nawa aka taɓa ba ku?"

Ta ce gaskiya ne, ta tashi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ta san Injiniya ba ya zuwa fadama sai la'asar, kada rana ta dusar masa da hula. Washegari da sassafe ta warware ledar a hankali, ta ninke ta a ƙarƙashin mangwaro. Inji ya tashi, bai tsaya ba sai da ruwa ya kai gonarta har ya yi ambaliya. Kafin la'asar manoma suka taru suka mayar wa batiri rigarsa tsaf. Daga ranar abin ya zama aikin gayya, har da jerin masu cirewa da masu mayarwa.

Injiniya ya zo ya ga fadama shar, ga leda ba ko ƙwarzane. Sai da ya share ƙwalla.

"Na faɗa muku. Da farko ya yi gardama, yanzu ya saba."

Ba wanda ya musa. Serah ta kwashe kwando arba'in, ta kai masa ɗaya, ya karɓa a matsayin haƙƙin ilimi.

Labarin fadamar Kudan ya kai Ikara, inda su ma aka ba su irin batirin, yana ta aikinsa lafiya. Suka aiko a ba su sirrin. Ranar Litinin Injiniya ya hau mashin da bandir biyu na leda, ya ce zai zauna musu wata guda, daga asuba har magariba, ba zai ɗaga daga gefen batirin ba.

Serah ta bi shi da kallo. Ta ce, "Allah ya jiƙan tumatirin Ikara."