Na Sayi Kayan Ordinata Kamar Mai Sayen Rago

Ba zan taɓa mantawa ba da la'asar ɗin da na tara danginmu a tsakar gida don su ga gwanintata, suka tashi da ƙauri a hanci.

Yayana Lawali mai ɗaukar bidiyon biki ne. Daga Tasawa har ƙauyukan Mayahi, da wuya a yi aure ko suna ba a ga moto ɗinsa, wato babur, a ƙofar gida ba. Allah Ya yi masa rasuwa bara da damina. Da muka buɗe hotunan da ya bari, sai muka ga kowa yana ciki ban da shi. Mai riƙe da kamara ba ya fitowa. Muryarsa ce kawai, nan da can, a bayan hoto.

Inna, mahaifiyarmu, idonta ya yi rauni. Ba ta taɓa roƙona kome ba sai wannan. Ta ce, "In da hali, ka tsinto mani muryar yayanka wuri guda."

Ordinatarsa, wato kwamfutarsa, ta riga shi mutuwa, saboda haka dole a haɗa wata. Ni kuwa lakol ɗina, karatun boko ke nan, bai yi nisa ba, sana'ata kiwon raguna ce. Sai na tafi wajen Madam Rabi, mai shagon buga takardu, wadda ke taya Yaya montaj (yanka bidiyo da jera shi ke nan) tun yana raye. Ta rubuta mani kayan a takarda, ɗaya bayan ɗaya.

"Kuɗinka ba su da yawa, saboda haka kada ka bi girma," in ji ta. "Kart grafik matsakaici ya ishe ka, shi ke ɗaukar nauyin hoto. Amma akwatin da ke raba wa sauran kayan wuta, kada ka yi rowa a kansa. Ko in raka ka Maraɗi?"

Na ce ta huta. (Shekara nawa ina shiga kasuwa ba dillalin da ya taɓa sayar mani da rago mai tari, mace mai buga takarda ce za ta koya mani ciniki? A raina na faɗa, amma Allah Ya ji.)

A Maraɗi mai shago ya karanta takardar, ya jero kayan a kan tebur. Na ɗauki kart ɗin da Madam ta rubuta, na jinjina shi a tafin hannu. Ba nauyi. A bayan mai shagon kuwa ga wani tsohon kart, ƙato, baƙi, da fanka uku a jikinsa. Na ce a sauko da shi. Na ɗaga, na ji hannuna ya yi ƙasa. Na ƙwanƙwasa bayansa. Na juya cikinsa, na duba ƴan layukan zinariyar nan kamar yadda nake buɗe bakin rago in ga haƙori.

"Malam, wanga yana cin wuta da yawa," in ji mai shago. "Sai ka ƙara girman akwatin wuta."

Na yi murmushi. Ai na san wannan dabarar, a sayar maka da rago a ce sai ka haɗa da igiya mai tsada. Na zaɓi akwatin wuta mafi araha a shagon, na ɗaure kayana a bayan moto ina jin kaina.

A gida kart ya ƙi shiga gangar ordinatar, ya fi ta tsawo da yatsa uku. Mai hankali a nan zai koma wajen Madam. Ni wajen mai walda na tafi, ya yanke mani gefe. Kart ya zauna, gindinsa a waje.

Ban gwada ba. Na so idon jama'a ya zama na farko. Ranar Juma'a na aika wa kawunmu a Korgom, na kira matar marigayi da maƙwabta, aka shimfiɗa tabarmi, aka sa wa Inna kujera a gaba. Hamisu taubashina ya zagaya tebur sau biyu.

"Wannan injin niƙa ne ko na ban ruwa? In gero za a zuba, in koma in ɗauko."

"Zauna, ɗan ƙauye, yau za ka ga ilimi."

Na jona faifan da ke ɗauke da duk aikin Yaya, na yi bismilla, na danna. Fanka uku suka tashi tare, har gefen zanen tebur yana kaɗawa. Hoto ya fito. Na buɗe bidiyon farko, na waiwayi Hamisu don ya ga fuskata. Sai na ji tas! a bayana. Allo ya yi baƙi, wani siririn hayaƙi ya fito ta wurin da mai walda ya yanka.

Kawu ya sunkuyar da kai yana duba carbinsa. Inna ta karkato kunne, ta jira, ta ƙara jira.

"An fara?" ta tambaya. "Ni dai ƙauri nake ji. Wa ya bar tuwo a wuta?"

Matar Yaya, wadda ban ga haƙoranta ba tun rasuwar, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Hamisu ya kwanta a tabarma.

Ni ban yi dariya ba, don na tuna faifan yana jone. Na cire shi, na ruga shagon Madam Rabi. Ba ta ce mani ai ta faɗa ba. Ta jona shi a tata ordinatar, muka tsaya muna kallon allo. Ban san tsawon lokacin ba. Da sunayen bukukuwan suka jeru, sai na zauna a ƙasa.

Akwatin wutar ne kawai ya ƙone. Wannan karon tare muka koma Maraɗi, ita a gaba, ni a baya da kaya. Mai shago ya karɓi ƙaton kart ɗinsa, ya miƙo mana wanda Madam ta rubuta tun farko. Wata biyu muka yi muna tsintar muryar, ita tana koya mani yanka.

Ranar da muka gama ban kira kowa ba. Daga ni sai Inna a ɗakinta. Muryar ta fito: "Ku matso, ku matso. Amarya, ɗaga kai kaɗan, ai ba sata kika yi ba."

Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce a maimaita. Bayan na uku ta share ido da bakin zane.

"Kada kunyar ran nan ta dame ka," in ji ta. "Shi ma yana ƙarami ya ga rediyon babanku ya yi datti, ya wanke shi da sabulu. Ku ƴaƴan gidan ga, sai kun kashe abu kuke iya shi."

Na yarda da maganar Inna, gado ne. Abin da na ƙara da kaina shi ne, in mutum zai ƙona abu don ya koya, to ya ƙona shi tukuna, sannan ya shimfiɗa wa mutane tabarma.