Mai Buga Ƙwallon Tsakar Rana a Soba

Ba zan taɓa mantawa da kakar wasan da na ɗauko malami ya kama mana aljani ba, ko da tsufa ya kwashe mini sunayen 'ya'yana. Abin ya faru kafin yaƙi ya tarwatsa mu, lokacin ina tsaron baya a wata ƙungiya ta Umdurman (sunanta dai a bar shi, don har yanzu akwai masu fashewa da dariya in sun hango ni).

Kakar nan ta zo a cunkushe. Yau muna wasa a Khartoum, jibi muna cikin bas zuwa wani gari mai nisa, mu dawo ƙafafu a kumbure a ce mana akwai wani wasan a gaba. Kocinmu, wani dattijo marar yawan magana da muke kira Koc Babikir, ya fara juya 'yan wasa, wannan ya buga yau, wancan ya huta. Kowa ya yarda sai ni. Na haura talatin, kwantiragina ya kusa ƙarewa, ga kuma wani matashi mai dogayen ƙafafu, Siddiƙ, yana zaune a benci yana jiran gurbina. Ba ya ko magana, gaisuwa ce kawai da murmushi, kuma murmushin nan ya fi komai tsorata ni.

Duk lokacin da Koc ya ce, "Ya zol, bawan Allah, ka huta wannan wasan," sai in buga ƙirji in ce ban gaji ba. Ƙarya nake yi. Ina sujada barci ke ɗauke ni. Akwai ranar da na sauka daga mota a Sawra, unguwar da aka haife ni, na tsaya ina tunanin wace kwana ce ta gidanmu. Amma da yake muna cin wasanni, Koc ya riƙa ƙyale ni.

Ana cikin haka ƙungiya ta killace mu a wani gida a Soba, can gefen gonaki, don mu nisanci hayaniya. Tsohon gida ne mai faɗi, da doguwar katanga a baya, da busasshiyar rijiya da aka rufe da kwanon rufi, da wata bishiyar darbejiya. Ni aka ba ɗan ɗakin da ke ƙarshe, ni kaɗai, wai don girmamawa (daga baya na ji don munsharina ne). Dokar gidan ita ce bayan azahar kowa ya kwanta. Wanda ya san zafin Khartoum ya san wannan lokacin: ba tsuntsu, ba iska, ko kare ba ya motsi, rana ta yi fari fat har ido ba ya iya kallon ƙasa. Tun muna yara ake hana mu fita a irin wannan sa'a, a ce lokacin mutanen ɓoye ne.

A lokacin ne aka fara jin ƙarar. Dum. Sai shiru. Dum. Ƙwallo ce ake bugawa a katangar baya, a hankali, ba gaggawa, kamar mai bugun ba shi da inda za shi har abada. Haruna golanmu, wanda shi kaɗai muke Hausa da shi a ƙungiyar, shi ya fara yi mini maganar.

"Kai ma kana ji?"

Na ce ina ji. Gaskiya kuma ina jin ta, sai dai a cikin barci, kusa ƙwarai, kamar a gindin gadona ake bugawa. In na farka sai in tarar jikina ya yi nauyi kamar an yi mini duka.

Babu wanda ya yi ƙarfin halin leƙawa. Ƙartai masu shiga ƙafar abokin hamayya ba tsoro, sai ga su kowa ya ja taga ya toshe kunne da matashi. Da la'asar muka zagaya baya, muka ga sawun ƙafa ba takalmi a cikin ƙura, ya je katanga ya dawo, ya je ya dawo, ya kewaye rijiyar. Wane mahaluƙi ne zai taka wannan ƙasa ba takalmi da tsakar rana? Ƙwai ma in ka fasa a kanta sai ya soyu.

Sai Hajja Sittana, matar da ke dafa mana abinci, ta ƙara wa abin gishiri. Ta ce ta fito zubar da ruwan wanke-wanke ta hango shi: dogo, a naɗe cikin farin ƙyalle tun daga kai kamar gawa, yana tsaye a rana ba ya ko motsa kai, ƙafarsa kawai ke aiki. Ta ce yana magana ƙasa-ƙasa da wani yare wanda ba Larabci ba. Daga ranar ta daina kwana a gidan.

Ni kuwa sai tafin ƙafafuna suka fara yin bororo. Kullum in na tashi barcin rana sai in ga sun yi ja suna zafi kamar na taka garwashi. Mai hankali da ya haɗa wannan da wancan ya gane. Ni ma na haɗa, na kuma gane: an yi mini asiri ne don a raba ni da ƙafata. Wa zai amfana? Na tara 'yan wasa bayan cin abinci, na miƙe ƙafa na nuna musu, na ce, "Akwai wanda yake son rigar wani a gidan nan, bai iya jira ba." Ban kira suna ba, amma idona na kan Siddiƙ har na gama. Yaron ya ajiye kofin shayinsa ya fita. Daga nan wasu suka daina zama kusa da shi a bas.

Ban tsaya nan ba. Na buga wa Kawu Idrisa waya, yayan mahaifiyata, malami ne a Kalakla da mutane ke zuwa wajensa neman addu'a. Koc bai so ba, amma ya ga 'yan wasansa sun daina barci, ya ce to a zo a yi a gama.

Kawu ya iso da hantsi cikin farar jallabiya, da carbinsa da butarsa. Ya duba sawun, ya duba rijiyar, ya duba ƙafata ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ɗana, je ka kwanta yadda ka saba. Mu za mu zauna a gindin bishiyar nan mu jira baƙon."

Na ce, "Kawu, in zauna tare da ku mana, ai ni ake nufi."

Ya ce, "Shi ya sa na ce ka kwanta."

Bayan azahar na shiga ɗaki, na jiƙa farin zanin gadona da ruwa kamar kullum don rage zafi, na lulluɓa har kai. Gidan ya yi tsit, ko fanka ba ta juyawa don an ɗauke wuta. Na ce yau ba zan yi barci ba, sai na ji da kunnena. Can sai ƙarar ta fara, dum, dum, kusa fiye da kowace rana. Na ji wata murya tana karatu daga nesa, tana matsowa, tana matsowa, har ta zo daidai kunnena. Sai wani hannu mai sanyi ya dafa mini goshi.

Na buɗe ido. Haske ya kusa makantar da ni. A tsaye nake, a tsakiyar rana, ba takalmi, zanin gado a kaina, ƙwallo a ƙarƙashin ƙafata ta dama, katanga a gabana. Kawu na riƙe da goshina da jiƙaƙƙen hannu. A gindin darbejiya ga Koc, ga Haruna, ga Hajja Sittana ta dafe ƙirji. Kowace taga ta gidan a buɗe, kowacce cike da kawuna. Siddiƙ na tsaye a bakin ƙofa.

Sai na ce, "Kawu, an kama shi?"

Ya ce, "An kama shi. Wannan aljanin na san uwarsa, ƙanwata ce."

Da Hausa ya faɗa, don haka Haruna ne ya fara faɗuwa ƙasa don dariya. Da ya samu numfashi ya fassara wa sauran, sai gidan ya ɗauka gaba ɗaya. A nan ne kuma zafin ƙasa ya iso ƙwaƙwalwata, na fara tsalle da ƙafa ɗaya ina neman inuwa, zanin gado na bina a baya. Hajja Sittana ta tambayi Haruna me nake ta maimaitawa da yaren nan da ta ji, ya ce mata ba komai ba ne illa, "Ban gaji ba, kada a cire ni, ban gaji ba." Ashe ko a barci kamfen nake yi.

Koc bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ya zo ya tsuguna ya dubi ƙafafuna ya ce, "Halas, magana ta ƙare. Mutumin da jikinsa ke fita atisaye ba da saninsa ba, ba ni da wasan da zan sa shi." Likitan ƙungiya ya ce gajiya ce da rashin barci da damuwa suka taru, ya rubuta mini hutu. Kawu kuma ya ce ba zai tafi ba sai na je wajen yaron da na ɓata wa suna. Na je, a gaban kowa, ƙafafu a naɗe da bandeji, na ce ya yafe mini. Siddiƙ ya ce, "Ba komai, Kabtin, ni ma da na ji ƙarar na ɗauka kai ka yi mini asiri." Muka rungume juna, ni ina ɗingishi.

Wasannin da suka biyo baya daga benci na kalle su. Siddiƙ ya buga, ya kuma buga da kyau, har na kama kaina ina yi masa tafi. Ni kuwa na yi barcin da ban yi irinsa ba tun ina goye. Da na dawo, Koc ya riƙa raba mana wasannin, shi yau, ni gobe, kuma na fi gudu a ƙarshen kakar fiye da farkonta. An sabunta mini kwantiragi na shekara guda, amma sunan Aljanin Soba babu wanda ya ba shi wa'adi. Har 'yan kallo suka ji labari, in na tare ƙwallo sai ka ji ana a'uziyya daga kan benayen filin wasa.

Abin da na koya shi ne, in koci ya ce ka huta, ka huta, benci ba kabari ba ne. In kuwa ka dage sai ka kira malami ya binciko maka wanda ke neman kassara ka, to ka kira wanda bai san gidanku ba, don Kawu Idrisa har yau bai halarci wani ɗaurin aure ko suna na dangi ba tare da ya ba da labarin nan ba, kuma kullum sai ya ƙara masa wani abu.