Rasuwar Gwaggo, Tukunyar Tururin Masaƙarmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙirjin da har yau bai gama fitar da hayaƙi ba, ni mai hura wuta nake sanar da rasuwar Gwaggo, tukunyar tururin masaƙarmu, bayan shekara talatin da ɗaya tana dafa mana ruwan rini.

Marigayiyar ba ta san ɓoye-ɓoye ba. In ta ƙoshi da baƙin mai sai ta ce “fuuu”, in kuwa ruwa ya yi mata ƙasa, “ƙwas-ƙwas” za ka ji tun daga bakin ƙofa. Da kunne na yi mata hidima, ban taɓa buɗe littafi a kanta ba. Tana da halinta, ban musa ba. Ta baƙanta shanyar maƙwabta, ta saka mini tarin da matata ke gane dawowata da shi.

Ciwon ajalinta ya fara ranar da injiniya ta auna hayaƙinta ta girgiza kai. Aka kawo injin lantarki wanda ke zuƙe zafin ruwan da muke zubarwa ya mayar da shi aiki, ba wuta, ba toka. Ranar farko na kasa kunne na ji gunjinsa iri ɗaya, ba tashi ba sauka, na ce wannan ba lafiya ba, na ruga na tsayar da masaƙa gaba ɗaya. Ashe haka lafiyarsa take. Har yanzu masu rini in sun gan ni sai su kama kunne suna kwaikwayona.

Ta rasu ta bar bututun hayaƙi wanda tsuntsaye suka riga suka gaje, da masu gadi da ba su da wurin ɗumama abinci, da ni. Tarina ya soma tafiya, kuma haushin hakan nake ji. Na kasa zama, sai zagaya ɗakinta nake kamar wanda ya yar da makulli. Manaja ya ce Litinin za a gwada ni a gaban allon sabon injin, in na kasa karanta shi a nemo wani.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar da hantsi a bayan masaƙa, inda masu sayen tsohon ƙarfe za su zo da wutar yanka. Ni aka ce in nuna musu inda za su fara, don ba wanda ya san jikinta kamar ni. Wannan aikin dai na tabbata na iya shi.