Ranar da Na Kai wa Injin Nutiron Miya

Na yi aiki a Faransa da Japan, ina harba ƙwayoyin zarra da ake kira nutiron cikin abubuwa masu yauƙi don ganin tsarin cikinsu, kuma ban taɓa rikita samfur ba. Da aka ba ni rana guda a injin nutiron da ke kusa da birnin Guangzhou na ƙasar Sin bayan dogon jira, sai na ajiye samfurina, tataccen yauƙin kuɓewa, cikin roba a firjin Hajiya mai abinci a unguwar Xiaobei.

"Farfesa, sa wa robar alama," in ji ta.

"Hajiya, ko ido rufe na san kayana."

Da ranar ta zo na suri roba daga firjin. A jirgin ƙasa, robar a cinyata, ina kallon kogi yana tafiya a hankali, ina jin tafin da za a yi mini a taro, ina godiya da harshe uku. Da na buɗe robar a gaban ɗaliban Sin, ƙamshin daddawa ya cika ɗakin, kan kifi ya leƙo. Ranata ta tafi ke nan.

Samfurin kuwa, wasu 'yan Kumasi masu cin abinci wurin Hajiya sun cinye shi da tuwo, suna ƙorafin ba gishiri. Har yau in na shiga shagonta, Hajiya sai ta ɗaga murya: "Farfesa, ci za ka yi ko bincike?"