Dokar Ciyaman Dakata a Tashar Maamobi

Duk wanda ya zauna unguwar Maamobi ta ƙasar Gana a shekarun tamanin bai san Alhaji Alu ba, zaman banza ya yi. Mutum ne mai faɗin ƙirji da zurfin ilimi, domin ya taɓa kwana uku a Abijan, ya ga yadda manyan bas ke jeruwa a tasha, ya dawo da ilimin sufuri kaf a cikin hularsa. Direbobin trotro, wato ƙananan bas na haya, suka naɗa shi shugaban matsayar motoci ta bakin kasuwa, wai ko zai rage musu labarin Abijan.

Ranar Litinin ya hau benci da babbar riga ya yi jawabi. "Daga yau ba motar da za ta wuce 'yar'uwarta a tashar nan. Wadda ta fara shigowa ita ke fara fita. Haka ake yi a ƙasashen da suka waye."

Wurin kuwa mota uku kawai yake ɗauka. A da, wadda ta sauke mutane ta kwashi nata sai ta zagaye ta gabanta ta kama hanya. Rashin tarbiyya ke nan, in ji Alhaji. To, tarbiyya ta iso. Motar gaba tana jiran mutum biyu ta cika. Ta bayanta ta cika maƙil tun ɗazu, fasinja na dahuwa a ciki. Wasu tara sun yi layi har titin Nima, ba su ma kai inda za su sauke kowa ba. Kafin azahar an raɗa masa Ciyaman Dakata. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ɗauka sarauta ce.

Ran Laraba da safe motar wani direba, Sumaila, ta mutu a sahun gaba. A mota ta biyu akwai Awabu mai sayar da shinkafa da wake, rungume da ƙaton kwano, 'yan dakon kasuwar Tudu na can suna jiran karin kumallo. Ta leƙo ta taga.

"Baba Ciyaman, abinci yana sanyi fa. Ga hanya a buɗe, bari direba ya wuce mana."

"'Yata, doka ba ta san shinkafa ba."

Sumaila ya fito daga ƙarƙashin mota, baƙin mai har goshi. "Ciyaman, ni na yafe. Su wuce ni, don Allah."

"Ba don kai aka kafa dokar ba," in ji Alhaji, yana gyara hannun riga. "Don Gana aka kafa."

Awabu ta buɗe ƙofar motar. Ta sauko, ta ɗora kwanonta a ka, ta taka zuwa gindin wani mangwaro can gaba, ta ɗaga hannu. Direban da ke ƙarshen layi ya duba, ya ga bai shiga tasha ba tukuna, doka ba ta hau kansa ba. Ya fice ya je ya ɗauke ta. Mutane suka bi ta, motoci suka bi mutane. Kafin Juma'a masu ƙosai da mai gyaran taya duk sun koma gindin mangwaro, inda motoci ke wuce juna ba kunya, kowa yana isa aiki a kan lokaci.

Alhaji ya tsaya a tasharsa fes, ba hayaƙi, ba ihu. Mutum ɗaya ta rage masa, tsohuwa Salimatu mai barkono, don haka ita ya yi wa jawabin nasara.

"Kin gani da idonki, Hajiya. Kwana biyu cur ba motar da ta wuce wata. Cunkoso ya ƙare. Gobe zan rubuta wa hukuma su zo su koya."

Salimatu ta shimfiɗa buhu a daidai inda motar farko ke tsayawa, ta baza barkononta a rana, ta ɗago kai.

"Sannu da ƙoƙari, Ciyaman. Ɗan matsa gefe, inuwarka tana hana shi bushewa."